Ƙwaya da Ƙwaƙwalwa: Me Ya Sa Mai Shaye-shaye Ke Rantsuwa Ya Daina, Kuma Ya Koma?

Da sassafe, kafin masu shara su fito, wanda ya bi lungunan Tudun Murtala ya duba cikin kwata da gindin kangwaye zai ga abin da dare ya bari. Ga ɓawon katin ƙwaya da aka ɓalle tas, ga fankon kwalabar maganin tari, ga guntun takardar naɗin wiwi, can gefe kuma tsumma mai warin sholisho. Tudun Murtala ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Nassarawa, kuma abin da ake gani a nan shi ake gani a Gama da Dakata da Kawaji da Ƙaura Goje da sauran unguwannin birnin Kano.

Abin da ba a gani a kwata shi ne wanda ke faruwa a tsakar gida. Uwa ta zaunar da ɗanta, ta yi masa nasiha har ta yi kuka. Yaron ma ya yi kuka, ya ce: "Umma, wallahi na daina, daga yau ba za ki sake gani ba." Wani har Alƙur'ani yake dafawa. Aka yi mako biyu lafiya, yana sallah a jam'i, yana cin abinci, fuskarsa ta fara cikowa. Ran nan sai ga shi ya shigo yana layi, harshe ya karye.

A nan ne yawancin iyaye ke yanke hukunci. Wasu su ce maƙaryaci ne, ba ya jin tsoron Allah. Wasu su ce sammu ne, an yi masa asiri. Uban ya ce ya cire hannunsa. Amma waɗanda suka daɗe suna jinyar irin waɗannan matasa sun san cewa da yawansu da gaske suke yi a lokacin da suke rantsuwar. Akwai abin da ƙwaya ta riga ta sauya a cikin kai, wanda rantsuwa kaɗai ba ta isa ta mayar da shi cikin mako biyu ba. Mun shafe shekaru muna magana kan dila da kamu da ƙone-ƙone, amma ba mu cika tsayawa mu fahimci wannan sauyin ba.

Daga kodin zuwa abin da ya biyo baya

Babban binciken da aka yi kan shaye-shaye a Najeriya shi ne wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wato UNODC, aka fitar da shi a farkon 2019. Ya nuna cewa mutum sama da miliyan 14 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye cikin shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba. Wiwi ce kan gaba da mutum sama da miliyan 10, sai ƙwayoyin kashe raɗaɗi irin su tiramadol da kusan miliyan huɗu da rabi, sai maganin tari da fiye da miliyan biyu. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan ɗaya da 'yan kai, kusan kashi 16 cikin ɗari na masu waɗancan shekaru. A faɗin ƙasar, cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce.

Tun kafin wannan rahoto, a 2017, Majalisar Dattawa ta ji ƙiyasin cewa ana shanye kwalabar kodin kusan miliyan uku a kullum a Kano da Jigawa. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken ɓoye kan yadda maganin tarin ke fita daga kamfanoni zuwa hannun dilloli, washegari kuma ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya sanar da haramta sarrafa shi da shigo da shi.

Kwalabar ta yi tsada, ta yi wuya. Amma masu sha ba su ragu da yawan da aka yi fata ba, domin jikin da ya saba yana nan yana nema. Wasu suka koma tiramadol, wasu roci da diyazafam da ekzol, wasu allurar fenta. Da aka matsa wa tiramadol, sai ga wata sabuwar ƙwaya daga Indiya mai haɗin sinadarai biyu, ana sayar da ita da sunaye irin su Tafrodol, wadda wani binciken BBC na Fabrairun 2025 ya fallasa har hukumomin Indiya suka hana yin ta. Wanda ba shi da kuɗin ƙwaya kuma yana da sholisho da fetur da zaƙami da gadagi.

Giya ma tana nan. Tun bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, Hisbah ta farfasa miliyoyin kwalabe a bainar jama'a, amma ba a rasa mashaya ba, sai dai sun koyi ɓuya. A ɓangaren kasuwa kuwa, a 2024 an rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari da kewaye, aka tilasta wa 'yan kasuwar komawa sabuwar cibiyar sayar da magunguna ta Dangwauro a kan hanyar Zariya. Duk waɗannan matakai suna da amfani, don kowace ƙwayar da ba ta shigo unguwa ba wani yaro ne ya tsira daga ɗanɗanon farko. Sai dai ba su taɓa wanda ya riga ya kamu ba.

Abin da ke faruwa a cikin kai

A 1954, a Jami'ar McGill da ke Kanada, wasu masu bincike biyu, James Olds da Peter Milner, sun sanya siririyar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani ɗan maɓalli. Idan ɓeran ya taka maɓallin, sai ɗan lantarki ya taɓa wurin. Ɓeran ya riƙa takawa ɗaruruwa har dubbai a awa guda. A gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga ɓerayen da suka bar abinci suna jin yunwa saboda maɓallin. Daga nan aka gane cewa akwai wata hanya ta musamman a ƙwaƙwalwa wadda aikinta shi ne ta ce wa mai rai: wannan abu yana da muhimmanci, ka sake neman sa.

Allah ya halicci wannan hanya don rayuwa ta ɗore. Ita ke sa mai yunwa ya tashi neman tuwo, mai ƙishi ya nemi ruwa, uwa ta ji sanyi idan ta rungumi jaririnta. Sinadarin da ke ɗaukar saƙon sunansa dofamin. Duk kayan mayen da ke kama mutum, ko giya ko wiwi ko kodin ko hodar iblis, kowanne ta ƙofarsa yake shiga, amma a wannan hanya suke haɗuwa. Suna sa a saki dofamin da yawa, da sauri, fiye da yadda abinci ko hira da aboki za su iya.

Wani masani, Wolfram Schultz, ya ƙara haske a shekarun 1990 da gwajin birai. Da farko dofamin na tashi ne lokacin da ruwan 'ya'yan itace ya shiga bakin biri. Da aka riƙa kunna fitila kafin a ba shi, sai tashin dofamin ɗin ya koma lokacin da fitilar ta kama, tun ruwan bai iso ba. Ma'ana ƙwaƙwalwa tana haddace alamomin da ke zuwa kafin abin. Wannan shi ya bayyana abin da iyaye ke gani ba su gane ba. Yaron da ya yi wata uku a ƙauye wurin kakarsa lafiya lau, ranar da ya dawo ya ga lungun da yake saye, ya ji muryar abokin da suke sha tare, ko kuɗi suka shigo aljihunsa, sai zuciyarsa ta fara bugawa, bakinsa ya bushe. Jikinsa ya riga shi yanke shawara.

Akwai kuma wani abu mai ban tausayi da Terry Robinson da Kent Berridge na Jami'ar Michigan suka bayyana a 1993: son abu da jin daɗinsa ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Yayin da shan ke tsawo, jarabar nema tana ƙaruwa, daɗin kuwa yana raguwa. Shi ya sa tsofaffin mashaya ke cewa su yanzu ba don caji suke sha ba, don su dawo daidai ne.

Dalilin shi ne ƙwaƙwalwa ba ta son ambaliya. Idan aka yi ta zuba mata dofamin, sai ta rage guraben da ke karɓar sa don ta kare kanta. Nora Volkow, wadda ke shugabantar cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka tun 2003, ta nuna wannan raguwa a hotunan ƙwaƙwalwar masu shan giya da hodar iblis da hiroyin. Sakamakon biyu ne. Ƙwaya ɗaya da ke isar mutum a da, yanzu sai uku, sai biyar. Sannan abubuwan da ke faranta masa rai a da, ƙwallo da hira da abinci da ganin 'ya'yansa, duk sun zama salam. A lokaci guda sassan da ke kula da fargaba da damuwa suna ƙara ƙarfi, har rashin ƙwayar ya koma azaba: ciwon gaɓoɓi, gumi, hamma, gudawa, rashin barci, baƙin ciki marar dalili.

Sai kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi. Shi ne mai auna sakamako, mai tuna alkawari, mai cewa dakata. Hotunan sun nuna aikinsa na yin rauni a wurin wanda ya daɗe yana sha. Duk direban adaidaita sahu ya san abin da ke faruwa idan totur ya maƙale birki kuma ya cinye. Haka mai jarabar ƙwaya yake, yana ganin ramin, yana kuma son tsayawa.

Kowace da irin ɓarnarta

Kodin da kansa ba shi da ƙarfi sosai. Hanta ce ke juya wani ɓangarensa zuwa mofin, shi kuma mofin ya zauna a guraben da jiki ya tanada don nasa sinadaran kashe raɗaɗi, waɗanda aka gano a shekarun 1970. Mutane sun bambanta a wannan aiki na hanta bisa gado. Akwai masu juya shi da sauri ƙwarai, kuma a wurinsu abin da aboki ya sha ya tashi lafiya zai iya tsayar musu da numfashi. Haɗarin duk dangin wannan ƙwaya ke nan: suna danne sashen da ke tuna wa jiki ya yi numfashi. Idan aka haɗa su da roci ko diyazafam ko giya, kamar yadda ake zubawa cikin lemon kwalba a sha, dannewar ta ninka. Da yawa daga waɗanda ake cewa sun kwanta barci ba su tashi ba, ta nan suka tafi.

Tiramadol kuwa, wanda wani kamfanin Jamus ya ƙirƙira a shekarun 1960, magani ne mai amfani a hannun likita. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Na kan titi 200 ne, 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Bayan kashe raɗaɗi yana taɓa wasu sinadaran da ke sa mutum ya ji kuzari, shi ya sa leburori da masu dako da masu tura baro da direbobin dare suka rungume shi. Amma idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Sau nawa saurayi ke faɗuwa yana kumfa a bakin titi, jama'a su taru suna cewa aljanu ne suka buge shi?

Giya tana aiki ta hanya biyu: tana ƙarfafa sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa, tana kuma danne wanda ke zaburar da ita. Bayan shekaru ƙwaƙwalwa na ramawa ta hanyar ƙara zabura. Ranar da aka yanke giyar farat ɗaya, sai a bar ta a zabure ba mai riƙe ta. Hannu ya fara rawa cikin awoyi, jijjiga na iya biyo baya, a kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu su shiga ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi, wanda kan kashe idan babu kulawar likita. Haka abin yake ga wanda ya daɗe kan roci ko diyazafam. Wannan ya kamata kowane uba ya sani kafin ya kulle ɗansa a ɗaki ya ce sai abin ya fita daga jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan biyu da rabi a 2019.

Sholisho da fetur su ne kayan yaran da ba su da komai, kuma ɓarnarsu ta fi wuyar gyaruwa, domin suna lalata rigar da ke lulluɓe jijiyoyi, suna kuma iya birkita bugun zuciya nan take ko a shaƙar farko. Wiwi da ake rainawa, kusan ɗaya cikin goma na masu shan ta suna kamuwa, adadin ya kai kusan ɗaya cikin shida ga wanda ya fara da ƙuruciya, kuma tana ƙara haɗarin taɓin hankali ga mai ɗauke da shi a jini.

Me ya sa wannan ya kamu, wancan ya tsira?

Samari biyar za su ɗanɗana a wurin biki ɗaya, huɗu su wuce abinsu, ɗaya ya maƙale. Binciken tagwaye da na iyalai ya nuna cewa gado na ɗaukar kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na haɗarin. Ba a gadon shaye-shayen kansa, ana gadon jikin da ya fi saurin kamuwa ne.

Shekaru ma suna da nasu. Sashen nan na bayan goshi ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, alhali sashen sha'awa ya daɗe da tashi. Yaron da ya fara a shekara 13 ko 14 yana gina ƙwaƙwalwarsa ne da ƙwaya a cikin harsashin.

Sannan akwai ciwon zuciya. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa yawan wahalhalun ƙuruciya, irin su duka da cin zarafi da rikicin gida da rabuwar iyaye, na tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan shaye-shaye bayan girma. A garin da saki ya yi yawa, yara ke tashi tsakanin gidan kishiyar uwa da gidan mijin uwa, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Matan da suka faɗa wa kodin da roci, da yawansu ba nishaɗi suka je nema ba. Barci suke nema, ko hanyar danne baƙin cikin da ba su da wanda za su faɗa wa. Saboda kunya da tsoron kada a rasa mijin aure ko aure ya mutu, ƙalilan ne daga cikinsu ke isa asibiti.

Ga kuma zaman banza. Tudun Murtala na maƙwabtaka da Bompai, unguwar masana'antun da a da ke ɗaukar dubban ma'aikata daga waɗannan unguwanni, kafin rashin wuta da kayan waje su durƙusar da yawancinsu. Saurayin da ya tashi ba makaranta ba sana'a, ba abin da ke jiran sa gobe, ƙwaƙwalwarsa ba ta da wani abin da zai yi gogayya da ƙwaya. Idan lokacin zaɓe ya zo kuma, kowa ya san waɗanda ke sayen kayan su raba wa 'yan jagaliya.

Tarihi ya nuna irin ƙarfin muhalli. A yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka da aka bincika sun ce sun kamu da hiroyin a can. An zaci za su cika ƙasarsu da mashaya. Amma binciken Lee Robins ya gano cewa kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka koma jarabar a shekarar farko bayan dawowa gida, kusan 12 cikin shekara uku. Sun bar wurin, sun bar fargabar yaƙi, sun bar abokan sha, sun koma ga iyali da aiki. Namu yaron kuwa, idan an sallame shi, lungun da ya bari shi yake komawa.

Mari, la'ana da asibiti

Ba kowa ya yarda a kira jarabar shaye-shaye cuta ba. Wanda aka ƙwace wa waya da wuƙa, ko matar da ɗanta ya sayar mata da keken ɗinki, suna da haƙƙin su ce: to laifin fa? Ko a cikin masana akwai irin su Marc Lewis da Gene Heyman da ke ganin an zuzuta batun cutar ƙwaƙwalwa. Suna cewa jaraba ɗabi'a ce da aka koya har ta yi zurfi, kuma mutane da yawa kan bar ta da kansu idan sun girma, sun yi aure, sun sami abin yi. Akwai gaskiya a maganarsu. A nawa ganin, ɗanɗanon farko zaɓi ne, kuma wanda ya cutar da wani doka ta hau kansa. Amma kamar yadda ba a hana mai ciwon suga magani don shi ya sha zaƙi, haka bai dace a hana wannan ba. Zaɓinsa ya raunana, bai mutu ba, aikin jinya shi ne a ƙarfafa abin da ya rage.

Iyaye da yawa, saboda rashin inda za su, gidan mari suke kai 'ya'yansu. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Aka sami irinsa a Daura wata guda bayan haka, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Sarƙa tana raba mutum da ƙwaya na ɗan lokaci, amma ba ta koya masa yadda zai wuce lungun dila bai tsaya ba. Tana ƙara masa tsoro da ƙiyayya, waɗanda su ne makamashin komawa. Akwai kuma haɗarin da ba a faɗa: wanda ya yi watanni bai sha ba, sabon da jikinsa ya yi da ƙwayar ya sauka. Idan ya fito ya sha adadin da ya saba a da, yana iya mutuwa a ranar.

Addininmu ya riga mu sanin cewa sabo ba ya fita dare ɗaya. Haramcin giya ya sauka ne mataki-mataki, daga ayar Baƙara da ta ce cutarta ta fi amfaninta, zuwa ta Nisa'i da ta hana kusantar sallah cikin maye, kafin ta Ma'ida ta yanke hukunci. A Sahihul Bukhari akwai labarin wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa haddi kan giya. Da wani ya la'ance shi saboda yawan maimaitawa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Ina ma malamanmu za su yawaita wannan darasi a kan mumbari, don iyayen da ke tsine wa 'ya'yansu su ji.

Jinyar asibiti tana farawa da janye ƙwayar a hankali ƙarƙashin kulawa, a kuma binciki abin da ke ƙarƙashi, ko ciwon damuwa ne ko wani ciwon jiki da ya kai mutum ga tiramadol. Bayan nan ne babban aikin: zama da masu ba da shawara, gane abubuwan da ke tayar da jarabar, sauya abokai da hanya da lambar waya, cika yini da aiki. Akwai magunguna irin su metadon da bufrenofin da ke kwantar da jarabar dangin kodin, da naltirekson da ke taimaka wa mai barin giya, ko da yake samun su a asibitocinmu na da wuya. Ƙwaƙwalwa kuma tana farfaɗowa. Hotunan da Volkow da abokan aikinta suka ɗauka sun nuna gyaruwa mai yawa bayan fiye da shekara guda da dainawa. Watanni ake magana, har shekaru.

Komawa kuma ba ita ce ƙarshen magana ba. Kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya kan zame aƙalla sau ɗaya, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi bayan ya lafa. Mai hawan jini idan jininsa ya sake hawa, asibiti ake mayar da shi.

Gadaje nawa, likitoci nawa?

A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da cibiyar gyaran hali ta Kiru, da sashen ba da shawara na hukumar NDLEA. A maƙwabta akwai asibitin Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su wuce ɗari uku ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma binciken 2019 ya ce ɗaya cikin biyar na masu shaye-shaye ya kai matakin da ke buƙatar jinya. Idan aka auna wannan da ƙiyasin Kano, ana maganar mutum wajen dubu ɗari biyu. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta ba marasa lafiya kariya daga wulaƙanci, sai dai doka ba ta zama gado ko albashin ma'aikaci sai an sa mata kuɗi.

Kiranmu ga gwamnatin Kano da ƙaramar hukumar Nassarawa shi ne a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwanni su iya gane mai wannan matsala su fara taimaka masa, a ware wa mata wurin jinya da zai rufa musu asiri, a kuma wadata asibitoci da allurar nalokson, wadda ke dawo da numfashin wanda dangin kodin suka danne cikin 'yan mintuna. Masu unguwanni da kwamitocin masallatai su nema wa wanda ya dawo daga jinya wurin koyon sana'a tun kafin ya sauka daga mota.

Ku kuma iyaye, idan kun tarar da yaro a sheme, numfashinsa na fita da ƙyar, leɓɓansa sun sauya launi, kada ku ɗura masa madara ko manja, kada ku bar shi ya yi barci abin ya sake shi. Ku kwantar da shi a gefensa, ku ɗauki ɓawon abin da ya sha, ku garzaya da shi asibiti mafi kusa. Idan ya farfaɗo, ku nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa, ku kuma raka shi da ƙafarku.